Zakin Viyana da Albashin Fam Ashirin: Nat Lofthouse da Sana'ar Ƙwallo a Ingila

Sana'ar ƙwallon ƙafa a Ingila, tun daga farkon ƙarni na 20 har zuwa shekarar 1961, ta tsayu ne a kan dokoki biyu waɗanda masu ƙungiyoyi suka shimfiɗa don amfanin kansu, kuma ba a fahimtar rayuwar ɗan wasa na wancan zamani sai an riƙe su a zuci. Ta farko ita ce dokar ƙayyade albashi, wato iyakar kuɗin da aka hana kowace ƙungiya ta haura wajen biyan ɗan wasa a mako, komai gwanintarsa da yawan jama'ar da ke tururuwa don kallonsa. Ta biyu kuwa ita ce dokar riƙewa da sayarwa, wadda ta ba ƙungiya ikon riƙe takardar rajistar ɗan wasa ko bayan kwantiraginsa ya ƙare, ta yadda ba shi da halin buga wa wata ƙungiya sai wadda ke riƙe da takardar ta ga dama ta sayar da shi. Daga cikin 'yan wasan gaba na tsakiyar ƙarnin, babu wanda tarihinsa ya dace da wannan tsari ciki da bai kamar Nathaniel Lofthouse, wanda aka fi sani da Nat, ɗan wasan Bolton Wanderers, domin ya sa hannu a takardar ƙungiyar ranar 4 ga Satumba 1939, kwana ɗaya bayan Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, ya kuma buga wasansa na ƙarshe a watan Disamba 1960, wata guda kafin a soke dokar ƙayyade albashi. Mutumin da ya ci wa Ingila ƙwallaye 30 a wasanni 33 bai taɓa karɓar albashin da ya wuce fam 20 a mako ba.

Bolton a wancan zamani gari ne na masana'antun zare da ramukan haƙar kwal a lardin Lancashire, kimanin mil 10 arewa maso yamma da Manchester, kuma a nan ne Samuel Crompton ya ƙera injin kaɗin zare a 1779, wanda ya taimaka wajen mayar da yankin cibiyar sarrafa auduga ta duniya; neman audugar da za ta ciyar da masana'antun Lancashire ne ma ya sa attajiran yankin suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, wadda daga baya ta girka injinan gurza a Zariya da Funtuwa. A irin waɗannan garuruwa ne ƙwallon kuɗi ya yi saiwa, saboda ma'aikata sun samu hutun yammacin Asabar da 'yan kwabban shiga fili, ƙungiyoyi kuma suka ga cewa kuɗin ƙofa zai isa a biya 'yan wasa. Ƙungiyar Bolton ta faro ne a 1874 daga makarantar wani coci, ta ɗauki sunan Wanderers a 1877, tana cikin ƙungiyoyi 12 da suka assasa gasar lig a 1888, wato gasar da kowace ƙungiya ke karawa da kowace gida da waje ana tara maki, ta kuma ci Kofin FA, gasar sili-ɗaya-ƙwale ta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, a 1923 da 1926 da 1929.

An haifi Lofthouse a wannan gari ranar 27 ga Agusta 1925, shi ne auta cikin 'ya'ya maza huɗu, mahaifinsa kuma yana kula da dawakan majalisar gari. Ya yi karatu a makarantar Castle Hill, wadda Tommy Lawton ya riga shi zama a cikinta, kuma a lokacin da Lofthouse ke tasowa Lawton ya riga ya kuɓuce wa Bolton ya tafi Burnley, daga can Everton ta saye shi, ya zama ɗan wasan gaban Ingila tun bai cika shekara 20 ba. Manajan Bolton, Charles Foweraker, ya ɗauki Lofthouse yana da shekara 14, amma abin da ya buɗe masa ƙofar babbar tawaga da wuri shi ne yaƙi: kyaftin Harry Goslin ya ja kusan dukan manyan 'yan wasan ƙungiyar suka shiga rundunar igwa ta garin, suka yi Dunkirk da Arewacin Afirka da Italiya, inda Goslin ya rasa ransa a watan Disamba 1943. Da fili ya zama sai yara da baƙi, Lofthouse ya buga wasansa na farko ranar 22 ga Maris 1941 da maƙwabciyarsu Bury, yana da shekara 15, ya ci biyu a wasan da aka tashi 5 da 1. An dakatar da gasar lig tun watan Satumba 1939, aka maye gurbinta da gasannin yanki-yanki waɗanda ba a ƙidaya ƙwallayensu a kundin tarihi, saboda haka duk abin da ya ci cikin shekara biyar na farko ba ya cikin alƙaluman da ake ambata masa.

Da ya kai shekarun bautar ƙasa, sai aka tura shi ramin kwal maimakon fagen daga. Birtaniya ta shiga ƙarancin kwal saboda masu haƙa da yawa sun tafi soja, sai ministan ƙwadago Ernest Bevin ya ɓullo da tsari a ƙarshen 1943 na karkatar da ɗaya cikin goma na samarin da aka kira aikin soja zuwa ramuka, ana kiransu yaran Bevin, kuma kimanin 48,000 ne suka yi wannan aiki. Lofthouse ya yi nasa a ramin Mosley Common, yana turin amalanken ƙarfe shaƙe da kwal a kan dogo ƙarƙashin ƙasa. Ranar Asabar yakan tashi tun kafin asuba ya shiga rami, ya yi aikinsa cikakke, ya fito da tsakar rana ya wanke baƙin jikinsa, sannan ya nufi fili ya buga minti 90. Shi da kansa ya sha danganta ƙarfin kafaɗarsa da ƙirjinsa da wannan aiki, kuma abin lura a nan shi ne 'yan kallon da ke tsaye a Burnden Park, filin ƙungiyar, sun san wannan gajiya a jikinsu, domin da yawansu daga irin ramin suka fito a safiyar ranar. Ƙaunar da mutanen Bolton suka yi masa ta samo asali daga nan, tun kafin ya ci wani kofi.

Bayan yaƙi jama'a suka yi ca a kan ƙwallo fiye da abin da filayen za su iya ɗauka. Ranar 9 ga Maris 1946, a wasan Kofin FA tsakanin Bolton da Stoke City, wadda Stanley Matthews ke buga wa, mutanen da aka ƙiyasta sun kai 85,000 suka cunkushe Burnden Park, ƙarafan tokare suka karye a ɓangaren da ke jingine da tudun layin dogo, mutum 33 suka mutu a turmutsutsu, ɗaruruwa suka jikkata. Aka jera gawarwaki a bakin fili aka lulluɓe su da riguna, aka ja sabon layi da garin katako, aka ci gaba da wasa har aka tashi babu ci. Wannan rana ta nuna yadda ake ɗaukar ran ɗan kallo a lokacin, amma ba ta rage cunkoso ba, domin a kakar 1948 zuwa 1949 an sayar da tikitin shiga wasannin lig sama da miliyan 41, adadin da ba a sake kaiwa ba a sauran shekarun ƙarnin. Lofthouse ya buga wasan lig na farko ranar 31 ga Agusta 1946 a gidan Chelsea, ya ci biyu, ko da yake Bolton ta sha kashi 4 da 3.

Aikin lamba tara a wancan zamani yana buƙatar bayani, domin ya sha bamban da na yau. Tun da aka sassauta dokar satar gida a 1925, aka rage yawan abokan hamayyar da dole su kasance tsakanin ɗan gaba da layin raga daga uku zuwa biyu, ƙungiyoyin Ingila suka rungumi tsarin da Herbert Chapman na Arsenal ya inganta, inda ake ja da ɗan tsakiya ɗaya baya ya tsaya tsakanin 'yan baya biyu, ba shi da wani aiki sai gadin lamba tara na abokan hamayya. A gaba kuma akwai 'yan gefe biyu da ke manne da layi, aikinsu su yanke ɗan baya su ɗago ƙwallo cikin da'ira, sai wasu biyu da ke ɗan ja da baya suna rarraba ƙwallo, lamba tara kuwa yana tsakiya shi kaɗai, ƙirji da ƙirji da mai gadinsa daga farkon wasa zuwa ƙarshe. Ƙwallon na fata ne, an ɗinke shi ƙyalle-ƙyalle, da tsirkiya da ake ɗaure bakinsa, kuma a filayen hunturu masu taɓo yakan sha ruwa ya yi nauyi, idan tsirkiyar ta sauka a goshi ta tsaga fata. Takalman suna rufe idon sawu, da tauri a kan yatsu, da ƙusoshin fata da ake kafawa da guduma. Babu canjin ɗan wasa a gasar lig sai a 1965, don haka wanda ya ji rauni yakan koma gefe yana ɗingishi don dai a cika goma sha ɗaya. Dokar Ingila ta kuma yarda a bangaji mai tsaron gida da kafaɗa muddin yana riƙe da ƙwallo ƙafafunsa na ƙasa, abin da alƙalan wasa na sauran ƙasashen Turai ba sa lamunta.

Lofthouse bai kai Lawton iya sarrafa ƙwallo ba, kuma bai taɓa iƙirarin haka ba. Abin da yake da shi shi ne gudu na kai tsaye, da harbi da kowace ƙafa, da iya lissafin lokacin tsalle, da rashin tsoron sa kai inda wani zai janye ƙafa. Ya kuma gina waɗannan ne da atisaye mai yawa a hannun masu horarwa na Bolton, domin a shekarunsa na farko bayan yaƙi ana ganinsa da ƙarfi fiye da dabara. Farashin wannan salo ya bayyana daga baya a jikin 'yan zamaninsa da waɗanda suka biyo su: a 2002 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa ciwon ƙwaƙwalwar da ya kashe Jeff Astle, tsohon ɗan gaban West Bromwich Albion, ciwo ne na sana'a wanda yawan buga ƙwallo da ka ya haddasa.

Ladan wannan aiki an ƙayyade shi a rubuce. Iyakar albashi ta fara ne da fam 4 a 1901, ta tsaya a fam 8 kafin yaƙi, ta koma fam 12 a 1947, fam 14 a 1951, fam 15 a 1953, fam 17 a 1957, sai fam 20 a 1958, kuma ana rage ta a watannin hutu. A kan haka akwai tukuicin fam 2 idan an yi nasara da fam 1 idan an yi canjaras a yawancin waɗannan shekaru, da fam 10 na sa hannu. Kafin yaƙi albashin babban ɗan wasa ya ninka na ma'aikacin masana'anta, amma zuwa 1960, lokacin da matsakaicin ma'aikaci ke samun kimanin fam 15, tazarar ta kusa ɓacewa, alhali sana'ar ɗan ƙwallo ba ta cika wuce shekara goma sha ba. Kuɗin ciniki kuwa tsakanin ƙungiyoyi yake yawo: da Chelsea ta sayar da Lawton ga Notts County ta rukuni na uku a 1947 a kan fam 20,000, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya a Birtaniya zuwa lokacin, abin da doka ta tanadar masa na sa hannu fam 10 ne. Masu neman mafita sun ga iyakarsu. Wilf Mannion ya ƙi sabunta kwantiragi da Middlesbrough a 1948, ya zauna watanni ba wasa, daga ƙarshe ya koma. Neil Franklin da George Mountford na Stoke da Charlie Mitten na Manchester United sun tafi Bogota a Kolombiya a 1950, inda gasar ƙasar ke wajen ikon FIFA, suka dawo aka dakatar da su, Franklin kuma, wanda ake ganin ya fi kowa iya tsaron baya a Ingila, bai sake buga wa ƙasarsa ba. A 1952 ƙungiyar Palermo ta Italiya ta yi wa Tom Finney tayin fam 10,000 na sa hannu, shugaban Preston North End ya ce a'a, magana ta mutu nan take, Finney ya ci gaba da haɗa ƙwallo da sana'arsa ta gyaran famfo.

Lofthouse ya fara buga wa Ingila ranar 22 ga Nuwamba 1950 da Yugoslabiya a filin Highbury, ya ci duka biyun a wasan da aka tashi 2 da 2, amma ranar da ta ba shi suna ita ce 25 ga Mayu 1952 a filin Prater na birnin Viyana. Ostiriya na cikin ƙasashen da ake ganin sun fi iya ƙwallo a Turai, da salon gajerun bugu da Ernst Ocwirk ke jagoranta daga tsakiya, kuma ta riƙe Ingila 2 da 2 a filin Wembley watanni shida kafin nan. Birnin yana ƙarƙashin mamayar ƙasashe huɗu da suka ci yaƙi, don haka akwai sojojin Birtaniya masu yawa cikin 'yan kallo. Lofthouse ya fara ci, Ostiriya ta rama da bugun daga kai sai mai tsaron gida, Jackie Sewell ya ƙara, Robert Dienst ya sake ramawa kafin hutun rabin lokaci, daga nan masu masaukin baƙi suka danne Ingila a ɓangarenta na fili. Saura kimanin minti takwas a tashi, mai tsaron gida Gil Merrick ya cafke bugun kusurwa ya jefa wa Finney, Finney ya zura ƙwallo tsakanin 'yan baya, Lofthouse ya ɗauka daga wajen layin tsakiya ya sheƙa da 'yan baya a ƙeyarsa, mai tsaron gida Josef Musil ya fito ya tare shi, ya buga ƙwallo a daidai lokacin da suka yi karo, ya faɗi sumamme bai ga shigar ƙwallon ba. Aka ɗauke shi waje, ya farfaɗo ya dage sai ya koma, har ya sake buga ƙwallo ya daki turke kafin a tashi 3 da 2. Sojoji suka kwararo cikin fili suka ɗauki 'yan wasa a kafaɗa, jaridun Ingila kuma suka laƙaba masa Zakin Viyana, sunan da ya bi shi har kabari.

Kakar da ta biyo baya ita ce ganiyarsa. A watan Satumba 1952 ya ci shida shi kaɗai a wasan zaɓaɓɓun gasar Ingila da na Ailan, marubuta wasanni suka zaɓe shi gwarzon shekarar 1953, ya kuma ci a kowane zagaye na Kofin FA har da wasan ƙarshe da Blackpool ranar 2 ga Mayu, a gaban mutum 100,000 da sabuwar sarauniya Elizabeth, wata guda kafin bikin naɗinta. Cikin minti biyu ya ci, Bolton ta kai 3 da 1, na ukun ma Eric Bell ne ya ci da ka yana ɗingishi, amma da yake ba a canji, ɓangaren hagu na Bolton ya zama na raunanu, kuma nan ne Matthews, mai shekara 38, ya yi ta ɓarna. Stan Mortensen ya ci uku, Bill Perry ya ci na huɗu a dab da tashi. Ana kiran wasan da sunan Matthews har yau, amma wanda ya duba shi da idon basira zai ga cewa dokar hana canji ta taka rawa a sakamakon kamar yadda gwanintar Matthews ta taka.

A ƙarshen wannan shekara Hangari ta zo Wembley ta ci Ingila 6 da 3, ta sake cin ta 7 da 1 a Budapest a watan Mayu 1954, kuma Lofthouse bai buga ko ɗaya daga cikin wasannin biyu ba, amma darasin ya shafi sana'arsa kai tsaye, domin Nandor Hidegkuti, mai sanye da lamba tara ta Hangari, yakan ja baya zuwa tsakiya ya bar mai gadinsa cikin ruɗu, ko ya bi shi ya bar gida a buɗe, ko ya tsaya ya bar shi yana rarraba ƙwallo yadda ya so. Tun daga lokacin masu sharhi suka fara kallon irin su Lofthouse a matsayin tsohon yayi. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan hukunci ba: ya ci uku a Gasar Cin Kofin Duniya ta 1954 a Suwizalan, biyu da Beljiyam da ɗaya da Yurugwai, ya kuma fi kowa cin ƙwallo a rukuni na ɗaya a kakar 1955 zuwa 1956 da ƙwallaye sama da 30. Matsalar Ingila ta fi kusa da rashin dabara ta biyu idan ta farko ta ƙi ci, da kuma kwamitin zaɓen 'yan wasa mai sauya tawaga kusan kowane wasa, fiye da mutumin da ke tsaye a gaba.

Wasan ƙarshe na Kofin FA na 3 ga Mayu 1958, tsakanin Bolton da Manchester United, shi ne ya ba shi kofinsa, shi ne kuma ya bar tabo a sunansa. Ranar 6 ga Fabrairu jirgin Manchester United ya yi haɗari a Munich, mutum 23 suka rasu, takwas daga cikinsu 'yan wasa, cikinsu har da Duncan Edwards, ɗan'uwan Dennis Stevens na Bolton. Makonni uku kafin haɗarin wannan tawaga ta ci Bolton 7 da 2. Mataimakin manaja Jimmy Murphy ya harhaɗa yara da waɗanda suka tsira da 'yan wasa biyu da aka saya cikin gaggawa, suka kai Wembley, kuma in ban da mutanen Bolton, kusan dukan ƙasar tana bayansu. Tawagar da manajan Bolton Bill Ridding ya fitar babu ko ɗaya a cikinta da aka saya daga wata ƙungiya, kuɗin haɗa ta duka fam 110 ne, wato fam 10 na sa hannun kowane ɗaya, Lofthouse kuma shi ne kyaftin. Ya ci na farko cikin minti uku. Jim kaɗan bayan dawowa daga hutu, bayan Bobby Charlton ya daki turke, Stevens ya yi harbi, mai tsaron gida Harry Gregg ya doke ƙwallon sama ya juya zai cafke, Lofthouse ya banko shi ta baya ya tura shi cikin raga tare da ƙwallon, alƙalin wasa ya ce ci ne, Gregg kuwa yana kwance ana yi masa magani. Gregg shi ne mutumin da ya koma cikin tarkacen jirgin a Munich ya ciro jaririya da mahaifiyarta da wasu abokan wasansa, wannan ya sa abin ya fi yi wa jama'a zafi. Ko a ma'aunin dokar wancan lokaci bangazar ba ta halatta ba, domin ba kafaɗa da kafaɗa ba ce, kuma Lofthouse ya amsa haka da bakinsa daga baya, abin da ya cancanci a ƙidaya masa. Da yake a wasan ƙarshe na shekarar da ta gabata Peter McParland na Aston Villa ya karya wa mai tsaron gidan United, Ray Wood, ƙashin kunci da irin wannan bangaza, wasannin biyu sun taimaka wajen sa alƙalan Ingila su fara ba masu tsaron gida kariya. Bolton ba ta sake cin babban kofi ba tun daga ranar.

An bar shi a gida lokacin Gasar Cin Kofin Duniya ta 1958 a Suwidin, aka dawo da shi a watan Oktoba ya ci Tarayyar Sobiyet a wasan da Ingila ta yi nasara 5 da 0, ya kammala da Wales a watan Nuwamba da ƙwallaye 30, daidai da Finney, adadin da babu wanda ya wuce shi a tawagar Ingila a lokacin. Raunin idon sawu ya raba shi da kakar 1959 zuwa 1960, ya yunƙura ya dawo, gwiwa ta tsaya masa a wasa da Birmingham City ranar 17 ga Disamba 1960. Ya bar wa Bolton ƙwallaye 255 a wasannin lig 452, da 285 idan aka haɗa da na kofi, kuma har yau babu wanda ya kamo shi a ƙungiyar.

A daidai waɗannan makonni ƙungiyar ƙwadago ta 'yan ƙwallo, ƙarƙashin Jimmy Hill na Fulham, tana shirin yajin aiki. A taron da 'yan wasan arewa suka yi a Manchester, wani matashi ya nuna cewa mahaifinsa ma'aikacin ramin kwal ne kuma bai kai su samu ba, don haka bai ga dalilin yaji ba. Sai Tommy Banks, ɗan bayan Bolton da ya ci kofi tare da Lofthouse, wanda shi ma ya yi aikin rami, ya miƙe ya nuna cewa yana girmama aikin mahaifin kuma ya san shi, amma a gwada sa mahaifin ya tare Matthews a gaban dubban mutane ranar Asabar. Taron ya goyi bayan yaji, aka sa ranar 21 ga Janairu 1961, masu ƙungiyoyi suka saduda kwana uku kafin ranar, kuma ba a jima ba Fulham ta mai da Johnny Haynes ɗan wasa na farko mai fam 100 a mako. Dokar riƙewa ta ɗan ƙara kwana har 1963, lokacin da George Eastham ya kai Newcastle United babbar kotu, mai shari'a Wilberforce ya yanke cewa riƙe ɗan wasa bayan ƙarewar kwantiragi tauye masa hanyar neman abinci ne.

Masu kare tsohon tsari suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma tarihin Lancashire ya gaskata ta: muddin Arsenal ba za ta iya biyan fiye da Bolton ba, ƙaramin gari zai iya riƙe ɗansa, shi ya sa Preston ta riƙe Finney, Bolton ta riƙe Lofthouse, Burnley ma ta ci gasar lig a 1960. Da aka cire iyakar, a daidai lokacin da masana'antun zare ke rufewa, Preston ta faɗi daga rukuni na ɗaya a 1961, Bolton a 1964, Blackburn a 1966, Blackpool a 1967, Burnley a 1971. Sai dai wannan daidaito 'yan wasa ne suka biya kuɗinsa daga aljihunsu da gwiwoyinsu, ba tare da an tambaye su ba. Biyayyar Lofthouse ga Bolton ta gaskiya ce, shekaru hamsin da ya ƙara yi a ƙungiyar bayan ya ajiye takalmi sun isa shaida, amma yabon da ake yi wa 'yan wasan zamaninsa na zama a gida ɗaya yana rasa rabin ma'anarsa idan aka manta cewa ƙofar fita a kulle take.

Ya koma Burnden Park a 1961 a matsayin mataimakin mai horarwa, ya zama manaja a 1968, aikin da bai ji daɗinsa ba kuma bai daɗe a kai ba, ya yi farautar matasan 'yan wasa, ya riƙe sashen hulɗa da masu tallafa wa ƙungiyar, aka naɗa shi shugabanta na girmamawa a 1986. Yana kan wannan kujera ƙungiyar ta faɗa rukuni na huɗu a 1987, ta farfaɗo, ta bar Burnden Park a 1997 zuwa sabon fili a Horwich inda aka sa wa ɓangare ɗaya sunansa, kuma yana nan lokacin da Jay-Jay Okocha ya zo a 2002 ya zama kyaftin, shekarun da yawancin masu kallon ƙwallo a Najeriya suka san sunan Bolton. Yaran Bevin ba su samu lambar yabo daga gwamnati ba sai a 2008. Lofthouse ya rasu ranar 15 ga Janairu 2011 yana da shekara 85, dubban mutane suka tsaya a titunan garin ranar jana'izarsa, kuma a watan Agusta 2013 aka ƙaddamar da mutum-mutuminsa na tagulla a ƙofar sabon filin, da kuɗin da magoya baya suka taimaka wajen tarawa.